Mararrabar Sauti ta Dijital: Yadda Masu Haɗa Sifika a Gida Ke Raba wa Kowace Murya Aikinta

Kunnen matashi mai lafiya yana iya jin sauti tun daga wanda iska ke kaɗawa sau 20 a cikin sakan guda har zuwa wanda take kaɗawa sau 20,000, kuma wannan yawan kaɗawa shi ne ake aunawa da ma'aunin da ake rubutawa Hz. Idan kaɗawar ba ta da yawa sautin yakan fito da kauri irin na babbar ganga, idan kuma ta yi yawa sai ya fito siriri irin na sarewa ko kacau-kacau. Da yake sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan guda cikin iska mai matsakaicin ɗumi, tsawon zangon sauti mafi kauri ya kai mita 17, alhali na mafi siranta bai cika santimita 2 ba. Saboda wannan tazara mai girma ne faifan sifika guda ɗaya ba ya iya ɗaukar aikin duka yadda ya kamata, domin sauti mai kauri yana buƙatar faffaɗan faifai da zai ture iska mai yawa, shi kuwa siririn sauti yana buƙatar ɗan ƙaramin faifai marar nauyi da zai iya kaiwa da komowa sau dubbai ba tare da ya lanƙwashe ba.

Sifikar da aka sani a yau, wadda koyil ɗin waya ke motsi a cikin maganaɗisu yana jan faifai, ta samo siffarta daga aikin Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka, wanda suka wallafa a 1925. A tsakiyar shekarun 1930 injiniyoyin kamfanin fina-finai na MGM, ƙarƙashin jagorancin Douglas Shearer, suka fito da tsarin gidan silima mai sifika iri biyu, ɗaya ta sauti mai kauri ɗaya ta siriri, kuma tun daga lokacin rabon aiki ya zama hanyar da ake bi. Masu sana'a suna kiran babbar sifikar wufa, ƙaramar kuma tuwita, wani lokaci a sanya ta uku a tsakaninsu domin muryar mutum. Abin da ke tsayawa a gabansu yana tura kowane sauti wurin sifikar da ta dace da shi shi ne mararrabar sauti, wadda masu gyaran rediyo ke kira kurosoba, kuma ta ƙunshi filtoci biyu ko fiye: ɗaya tana barin sauti mai kauri ya wuce tana danne siriri, ɗayar tana yin akasin haka.

Tsohuwar hanya, wadda har yanzu ita ce a cikin mafi yawan sifikun da ake sayarwa, ita ce a haɗa mararrabar da koyil da kapasita da rezista a ɓoye ta cikin akwati, bayan amfilifaya. Koyil yana barin sauti mai kauri ya wuce, kapasita kuma tana barin siriri. Wannan tsari yana da kyawawan halaye da bai kamata a raina ba, tun da amfilifaya ɗaya ta ishe shi, ba ya buƙatar wutarsa ta daban, kuma yana iya yin shekaru da yawa ba a taɓa shi ba. Matsalarsa ita ce lissafinsa ya dogara ga turjiyar da sifika ke yi wa lantarki, kuma wannan turjiya ba ta tsaya wuri guda ba: sifikar da aka rubuta wa om 8 tana iya ninka haka sau da yawa a wani sauti, ta kuma sauko ƙasa da haka a wani. Bugu da ƙari, turjiyar jan ƙarfe, wanda da shi ake yin wayar koyil, tana ƙaruwa da kimanin kashi 0.4 cikin 100 a kan kowane digiri na zafi, saboda haka idan aka ƙure sauti koyil ɗin sifika ya yi zafi, mararrabar takan gusa daga inda aka ajiye ta. Ga wanda ke haɗa sifika a gida kuwa, babbar wahalar ita ce kowane ɗan gyara yana nufin a kwance akwati, a narkar da dalma, a sayi sabon koyil.

Mararrabar dijital tana komawa gaban amfilifaya ne, inda sautin yake da rauni, ta yi rabon da lissafi. Ana mayar da sauti jerin alƙaluma ta hanyar auna ƙarfinsa sau dubbai a sakan guda, kamar yadda faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, yake ɗauke da awo 44,100 a kowane sakan, su kuwa na'urorin mararraba galibi suna aiki da 48,000 ko 96,000. Wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da ake kira DSP tana karɓar waɗannan alƙaluma, ta ninka su da wasu, ta tara, ta fitar da jeri biyu ko uku, sannan a mayar da kowane jeri lantarkin sauti a ba shi amfilifayarsa ta kansa, wadda ke haɗe kai tsaye da sifikarta. Kamfanin Meridian na Ingila yana cikin waɗanda suka fara sayar da irin wannan sifika ga masu sauraro a gida a farkon shekarun 1990, da tsada ƙwarai, amma a yau akwai ƙananan akwatuna na kamfanin miniDSP na Hong Kong, da amfilifayoyin Hypex na ƙasar Holan masu DSP a ciki, da manhajar CamillaDSP ta kyauta wadda ke aiki a kan 'yar kwamfutar Raspberry Pi. Masu kayan sauti na biki da taro kuma sun daɗe da sanin irin su Behringer DCX2496, wadda aikinta ɗaya ne da waɗannan.

Sauƙin da wannan hanya ta kawo shi ne kuma tarkonta. Mutum yana iya buɗe manhaja ya zaɓi Hz 2,000, ya zaɓi nau'in filta daga jerin da aka ba shi, ya ga kyakkyawan zane a allon kwamfuta, ya ɗauka an gama. Amma zanen da ke allo siffar lantarkin da ke shiga sifika ce kawai, alhali kunne yana jin abin da ya fito cikin iska ne, wato filtar haɗe da halin sifikar kanta da akwatin da aka ɗaura ta. Kowace tuwita tana da inda sautinta ke fara faɗuwa da kansa daga ƙasa, kowace wufa tana da inda take tudu da kwari daga sama, kuma idan aka ɗora filtar littafi a kan wannan, abin da za a samu ba zai yi kama da na littafin ba. Don haka ƙwararru suke fara zana siffar da suke so sautin ya ɗauka a cikin iska, sa'an nan su nemi kowace irin filta da za ta kai sifikar ga wannan siffa, ko da lambobinta sun zama baƙi ga ido.

Wannan ya sa awo shi ne farkon aikin. Kayan da ake buƙata ba su da yawa: makirufo na awo wanda aka san halinsa, irin UMIK-1 da ake sokawa a kwamfuta, da manhaja irin REW, wadda John Mulcahy ya rubuta kuma ake samunta kyauta. Ana ɗaura sifikun a cikin ainihin akwatin da za su zauna, a ɗora akwatin a kan wani abu mai tsayi a tsakiyar ɗaki, a kafa makirufo mita ɗaya daga fuskarsa daidai tsayin tuwita, sannan manhajar ta saki wani sauti mai hawa daga kauri zuwa siranta cikin 'yan sakanni, a auna wufa ita kaɗai, a auna tuwita ita kaɗai, ba tare da an motsa makirufon ko da taƙi ɗaya ba. Abin da ke ɓata awon cikin ɗaki shi ne amsa-kuwwa, kuma dabarar kauce mata ita ce a yanke lokacin saurare. Idan sifika da makirufo suna mita 1.2 daga ƙasa, sautin da ya daki daɓe ya dawo zai yi tafiyar mita 2.6 a maimakon mita ɗaya, saboda haka zai makara da kimanin milisakan 4.7, wato kusan kashi biyar cikin dubu na sakan. Sai a umarci manhajar ta watsar da duk abin da ya iso bayan wannan lokaci. Ladan wannan dabara shi ne awo mai tsabta, farashinta kuma shi ne awon ba ya faɗin gaskiya a kan sautin da ya gaza Hz 200 ko makamancin haka, wanda ake aunawa daban ta hanyar kusanto da makirufo har ya kusa taɓa faifan wufa, kamar yadda D. B. Keele ya bayyana a 1974.

Da awo a hannu ne ake zaɓen inda mararrabar za ta zauna, kuma sifikun biyu kowace tana jan ta zuwa nata ɓangaren. Wufa mai inci shida da rabi, wadda ake yawan amfani da ita a ƙananan akwatunan gida, faɗin ɓangarenta mai motsi kimanin santimita 13 ne, kuma da zarar tsawon zangon sauti ya kusanci wannan faɗi, wato wajen Hz 2,600, sai ta daina watsa sauti ko'ina ta koma harba shi gaba kawai. Idan faifanta na ƙarfe ne, yakan kuma yi wata ƙara mai tsini a sama da haka, wadda dole a danne ta sosai. Ita kuwa tuwita mai milimita 25 tana da sautin da take girgiza a kansa bisa ɗabi'arta, galibi tsakanin Hz 500 da 1,000, kuma ƙa'idar da masu sana'a ke bi ita ce kada a sauko da mararraba ƙasa da ninki biyu na wannan, domin nisan da faifai ke kaiwa da komowa yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da yawan kaɗawa ya ragu da rabi, idan ana son ƙarfin sauti ya tsaya yadda yake. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu ne ake samun wuri, sau da yawa daga Hz 1,800 zuwa 2,500.

Bayan wuri sai gangare, wato saurin da filta ke danne sautin da ba nata ba, wanda ake aunawa da desibel a kan kowane ninki biyu na yawan kaɗawa. A nan ne maganar taku ke shigowa, kuma ita ce zuciyar aikin. A daidai mararraba sifikun biyu suna fitar da sauti ɗaya a lokaci ɗaya, kuma abin da zai isa kunne ya danganta ga ko suna ture iska tare. Misalinsu kamar mutum biyu ne masu jijjiga motar da ta kafe a yashi, waɗanda idan suka tura tare ƙarfinsu ya haɗu, idan kuwa ɗaya na turawa ɗayan na ja to sun soke juna. Filtar da Stephen Butterworth ɗan Ingila ya bayyana a 1930 tana rage sauti da desibel 3 a mararraba, saboda haka idan sifikun biyu suka yi taku ɗaya sai jimillarsu ta yi tudun desibel 3, idan kuma aka zaɓi nau'inta da ke ba da jimilla shimfiɗaɗɗa, to takun nasu yakan saɓa da rubu'in zango, wanda ke sa sautin ya karkata sama ko ƙasa a maimakon ya nufi mai sauraro. Siegfried Linkwitz da Russ Riley, injiniyoyi a kamfanin Hewlett-Packard, su ne suka warware wannan a aikin da aka wallafa a 1976: idan aka jera filtar Butterworth biyu ɗaya bayan ɗaya, kowace sifika za ta ragu da desibel 6 a mararraba, wato rabin matsin sautinta, za su kasance cikin taku ɗaya, jimillarsu ta fito shimfiɗaɗɗa, sautin kuma ya nufi gaba sosai. Nau'inta mai gangaren desibel 24, wanda ake kira LR4, shi ne ya zama abin da aka fi farawa da shi, kuma ya cancanci wannan matsayi, domin yana kare tuwita da kyau ba tare da ya nemi lissafi mai nauyi ba.

A cikin DSP ana gina irin wannan filta da tubali guda da ake kira bikwad, wanda ɗan lissafi ne mai lambobi biyar da ke haɗa awon yanzu da awo biyu da suka shiga a baya da biyu da suka fita a baya. Bikwad biyu a jere suna ba da LR4, kuma da wannan tubali ɗaya ake sassaƙe tudun wufa, a daidaita ƙarfin tuwita da nata, a kuma gyara wata tawaya da kowane akwati ke da ita. Sauti mai kauri, saboda tsawon zangonsa, yana zagayawa bayan akwati, siriri kuwa fuskar akwatin tana tare shi ta tura shi gaba, don haka mai sauraro yakan sami bambancin da ya kai desibel 6 a tsakaninsu, wanda ga akwati mai faɗin santimita 20 tsakiyarsa tana wajen Hz 575. Manhajar VituixCAD, wadda Kimmo Saunisto na ƙasar Finlan ya rubuta, tana ba mutum damar ɗora awonsa ya gwada duk waɗannan a kwamfuta kafin ya taɓa sifikar.

Akwai abu guda da dijital ke yi cikin sauƙi wanda tsohuwar hanya ke shan wahala a kansa, shi ne jinkiri. Faifan wufa yana da zurfi, tuwita kuwa tana zaune a fuskar akwati, saboda haka sautin tuwita yakan riga isa. Idan tazarar santimita 3 ce, to a Hz 2,000, inda tsawon zango yake santimita 17, ta kai kusan kashi ɗaya cikin shida na zango, kuma hakan ya isa ya ɓata takun da LR4 ke buƙata. Na'urar da ke awo 48,000 a sakan tana iya riƙe sautin tuwita na tsawon awo huɗu, tun da kowane awo guda daidai yake da tafiyar milimita 7, kuma da haka sifikun biyu za su iso tare. Ana tabbatar da an dace ta wata jarrabawa mai sauƙi: a juya wayar tuwita da gangan, ko a danna maɓallin juyawa a manhaja, a sake awo. Idan takun ya yi daidai, sifikun za su soke juna a mararraba, zanen ya nuna rami mai zurfi kuma siriri, na desibel 20 ko fiye. Idan ramin bai yi zurfi ba, ko ya kauce gefe, da sauran aiki. Sai an ga wannan rami sannan a mayar da wayar yadda take.

Duk filtocin da aka ambata zuwa nan suna cikin dangin da ake kira IIR, waɗanda ke kwaikwayon halin koyil da kapasita, har da ɗan juya takun sauti da suke yi. Akwai dangi na biyu, FIR, wanda ba shi da takwara a tsohuwar hanya: yana ninka dubban awo da dubban lambobi, kuma yana iya raba sauti da gangare mai tsananin tsayi ba tare da ya juya taku ba ko kaɗan. Ana yawan yabonsa, amma yana da nasa kuɗin shiga. Filta mai lambobi 4,096 a na'urar awo 48,000 tana jinkirta sauti da kimanin milisakan 43, abin da ba ya damun mai sauraron waƙa amma yana iya raba magana da motsin leɓe a talabijin, kuma yana hana mawaƙi jin kansa a kan lokaci. Haka kuma idan gangaren ya yi tsanani, kowace sifika takan yi ɗan amo kafin ainihin bugun ya iso, wanda na ɗayar ke sokewa a gaban akwati kawai, a gefe kuwa ba ya sokuwa duka. Tun da juyin takun da LR4 ke yi abu ne mai wuyar ji a kiɗa na yau da kullum a cikin ɗaki, mai farawa ba shi da dalilin barin IIR, kuma ƙoƙarin da zai ɓata wajen FIR ya fi amfani idan ya kashe shi a kan awo.

Awon ma bai kamata ya tsaya a gaban akwati kawai ba. Binciken da Floyd Toole ya jagoranta a Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Kanada, daga baya kuma a kamfanin Harman, inda masu sauraro ke yanke hukunci ba tare da sun ga sifikar da ke kiɗa ba, ya nuna cewa mutane sun fi son sifikar da sautinta yake shimfiɗaɗɗe a gaba kuma yake raguwa sannu a hankali, ba tare da tudu ko rami ba, yayin da ake zagayawa gefenta, domin babban rabo na abin da kunne ke ji a ɗaki ya fara dukan bango ne kafin ya iso. Saboda haka ake juya akwati digiri 10 ko 15 a sake awo, a ci gaba da haka har a kai gefe. Idan wufa ta riga ta matse sautinta a inda tuwita ke watsa nata ko'ina, zanen gefe zai nuna kwari sannan tudu, kuma babu lissafin da zai gyara wannan, domin duk abin da DSP ya ƙara a gefe ya ƙara shi a gaba. Maganinsa shi ne a sauko da mararraba, ko a sanya wa tuwita ɗan mazurari mai saita watsuwarta, ko a sake zaɓen sifikun. Haka nan ƙarin desibel 6 a sauti mai kauri yana cin ninki huɗu na ƙarfin amfilifaya, ya kuma ninka motsin faifai, saboda haka ƙaramar wufa ba ta zama babba don an ƙara mata lamba. Linkwitz da kansa, wanda ya rasu a 2018, ya tsara sifikar LXmini domin masu haɗawa a gida, jikinta na bututun roba irin na ruwa, mararrabarta ta dijital, kuma ingancinta ya samu ne daga yadda aka tsara watsuwar sautinta tun daga siffar jikin.

Saura haɗarin da ke tattare da haɗa tuwita kai tsaye da amfilifaya, wanda shi ne ya fi jawo asara. A tsohuwar hanya kapasita tana tsaye a gabanta kullum, a sabuwar kuwa babu abin da ke tsakaninta da kuskure, saboda haka musayar waya ɗaya, ko fayil ɗin saiti da bai hau ba, ko bugun da na'ura ke yi lokacin kunnawa da kashewa, yana iya ƙona ta nan take. Wannan ya fi tsanani a wuraren da ake ɗauke wuta a dawo da ita ba sanarwa, inda DSP da amfilifaya ke mutuwa su farka a tare. Abin da ake yi shi ne a jera wa tuwita babbar kapasita mai inganci, misali mai mikrofarad 33, wadda ga tuwita mai om 8 take fara aiki a wajen Hz 600, nesa da mararraba, kuma a yi awon da ita a haɗe domin a lissafa tasirinta. Ana kunna amfilifaya a ƙarshe a kashe ta da farko, ko a zaɓi wadda ke jinkirta haɗa sifika na 'yan sakanni bayan wuta ta zo. Idan aka ji tuwita tana huci a lokacin da babu kiɗa, alama ce ta cewa amfilifayarta tana ƙara sauti fiye da buƙata, kuma gyaran shi ne a rage ƙarfin a mashigar amfilifayar, a bar alƙaluman DSP su cika ma'auninsu. Duk sabon saiti kuma ana fara gwada shi ne da sauti ƙasa-ƙasa, wufa ita kaɗai tukuna, a kasa kunne a tabbatar cewa sauti mai kauri ne ke fitowa daga gare ta, sa'an nan a haɗa wayar tuwita.